Dutsen da Ya Ci Mika'ilu

Wurin da mutum ya mutu, har zuwa yaushe yake zama nasa?

Na yi wa kaina wannan tambaya a kan buzun sallah, na yi ta a cikin gbaka, motar hayar garin nan, na yi ta ina kallon ruwa daga kan gadar Treichville, ban samu amsa ba. A nan unguwar Adjamé ta Abidjan, in mota ta take mutum da safe a bakin tasha, kafin la'asar mata sun baza tumatir a daidai wurin, ni ma in bi ta kai da takalmina ban ji komai ba. To me ya sa ranar da Huda ta ce za ta je wasa a kan dutsen da ya ci ubanta na ji kamar ta tofa mini yawu a fuska?

Huda 'yar ƙanena ce, Mika'ilu. Direban babbar mota ne a tashar jiragen ruwa, har aiki ya tsaya, ya ɗauki jaka ya tafi. Ya haye hamada, ya haye teku, ya kai Italiya. Abin da ya rage tsakaninsa da Faransa dutse ne. Ya hau shi da ƙafa cikin hunturu, a ɓoye, ta bayan wani ƙauye inda masu hali suke zuwa zamiya a kan dusar ƙanƙara, wasan da suke kira ski. Ba a gan shi ba sai da ƙanƙarar ta narke. Mutanen ƙauyen suka binne shi a maƙabartarsu, wata tsohuwa a cikinsu ta yi ta bin diddigi har ta samu lambar Huda. Mu a nan muka yi masa sallar ga'ib, muka jeru sahu-sahu, babu komai a gabanmu sai siminti.

Sana'ata gwanjo, abin da mutanen garin nan suke kira yugu-yugu. Ina da rumfa a kasuwar Bracodi, ina da ɗan sito a Treichville inda nake ajiye diloli, manyan ƙunshin gwanjo da ake ɗaurewa da waya. Tun da daɗewa na lura ba mai son dilar kayan sanyi a garin da mutum yake zufa ko ana ruwan sama. Ni na riƙa kwasarsu, na samo musu masu saye: ma'aikatan ɗakunan sanyi na tashar kifi, masu wuni cikin ƙanƙara suna jan kifin tuna. Riguna masu kauri, wanduna masu igiya a kafaɗa, safar hannu kamar ta ɗan dambe. Kayan da Turawa suka yi ski da su suka gaji. A jikin tambarin waɗannan riguna na fara haɗa baƙin Faransanci, na ƙarasa a tsaye gaban teburin mai jarida, domin ban taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba.

Tsakiyar azumi ne ta zo, bayan azahar, rana tana dukan kwanon rumfa. Ta taso daga ofishin fiton kaya inda take aiki, da katin aikin a wuyanta.

"Baffa, ina wuni? Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. Ya mijin naki?"

"Bilal yana gaishe ka. Baffa, kayan sanyi nake so, nawa da nasa. Amma ba na rataye ba. Sabuwar dila nake so ka yanka mini."

A sana'armu zaɓin farko ba a ba kowa. Wanda ya tsaya a kan dila lokacin da aka yanke wayarta, shi yake tafiya da na kirki, saura kuma sai abin da ya rage. Huda kaɗai nake yi wa haka, tun tana ƙarama, duk gabanin Sallah.

Na ce, "Wane sanyi kuma a Abidjan?"

Ta zaro waya ta matso. Duwatsu farare fat, kujeru suna reto a jikin igiyar ƙarfe, mutane kamar ƙudaje a kan farin zane.

"Vacances, Baffa, hutu za mu je. Bayan Sallah. Biza ta fito."

Ta shiga yi mini bayani da Hausarta da take tuntuɓe tana faɗawa cikin Faransanci. Azumi ya cinye musu tsakiyar lokacin wasan. A watan Afrilu ƙanƙara ta narke a wuraren da suke ƙasa-ƙasa, sai wanda yake can ƙoli yake da saura. A ƙarshen lokaci masauki yana sauƙi, rana tana tsawo, babu cunkoso. Da safe ake hawa, domin in rana ta take ƙanƙarar tana zama kamar kunu. Ina jin ta ina linke wani wando. Sai ta faɗi sunan ƙauyen.

Na ajiye wandon. "Sake faɗi."

Ta sake faɗa, ba ta ko sunkuyar da kai ba.

"Na yi tunani a kai, Baffa. A ƙarshen lokaci ne kawai abu biyu suke haɗuwa. Maƙabartar tana ƙasa cikin kwari, a lokacin ƙanƙara ta janye daga kanta, ana ganin kabari. Sama kuma da saura, ana ski."

"Kin yi tunani."

"Oui, na yi."

"Kin ɗauki kabarin ubanki da wasan yara kin zuba su a jaka ɗaya don kada tikitin jirgi ya tafi a banza. Taura biyu a baki ɗaya."

Sai na buɗe mata ƙofar uzuri, domin ina so ta fita ta nan. Na ce, "Ce mini biza ce ta sa. Ce mini ba sa ba mai ziyarar kabari izini sai mai yawon shaƙatawa, shi ya sa kika fake da wasan. Ki faɗi haka kawai, yanzu in rufe rumfa mu tafi sito."

"Ba zan yi maka ƙarya da azumi a bakina ba. Zan je kabarin. Kuma zan yi ski, don ina so."

"Kina so!"

"Papa ya hau dutsen nan kamar ɓarawo, yana tsoron fitila, yana tsoron kare. Ni zan hau shi da rana tsaka, a kan kujera, da tikiti a wuyana, wani Bature yana riƙe mini hannu yana ce mini madame. In sauko ina ihu. In na faɗi in tashi in yi dariya."

"A kan gawarsa."

"A kan ƙanƙara, Tonton. Ta bana ce. Wadda ta kashe shi ta narke tuntuni."

In Huda ta ce mini Tonton, wato Baffa da Faransanci, to ta bar gida ke nan, ta koma 'yar Abidjan. Maƙwabcina mai sayar da jakunkuna ya rage muryar rediyonsa don ya ji da kyau.

Na ce, "Ba ki da kunya. Wanda ya yi miki tarbiyya..."

"Kai ne. Kuma da me ka ciyar da mu tun da ya rasu?" Ta ɗaga hannu ta doki wata shuɗiyar riga da take rataye a kanmu. "Ba da waɗannan ba? Su yi wasa, su jefar, ka sayar, mu ci shinkafa. Wasan bai zama haram ba sai da 'yar Mika'ilu ta ce za ta yi?"

Na ce, "Wallahi tallahi, ba zan yanka miki dila don wannan tafiya ba. Ko safa ɗaya ba za ta fita daga hannuna ba."

Ta dube ni, ta mayar da wayarta cikin jaka. "A sha ruwa lafiya, Baffa." Ta ratsa tsakanin masu turin kaya ta tafi.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ina shari'a da ita a cikin kaina, kuma ban taɓa cin nasara sarai ba. In na ce wurin mutuwa yana da alfarma, sai in tuna tumatir ɗin bakin tasha. In na ce ai ubanta ne, sai in tuna babanmu a gonarsa ya faɗi can Madarumfa, kuma a damanar da ya rasu muka nome ta muka ci geron. Amma noma dole ne, zamiya ba dole ba ce. To dariya fa, dole ce ko ba dole ba? Na buɗe littattafan da nake da su, babu babin wannan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar shuɗiyar riga. Kullum in na buɗe rumfa tana nan tana reto a kaina.

Na tafi wurin uwarta, Rahamatu, ina tsammanin zan samu mai taya ni. Na same ta a tsakar gida gab da magariba tana dama kunun gyaɗa.

"Yaya, sannu da zuwa. An ce ka yi rantsuwa a tsakiyar kasuwa."

"Ke kin yarda da wannan abin?"

"Ni na ce ta duba mini ko sun fuskantar da shi gabas. Ba Musulmi ba ne, sun yi iya saninsu, Allah ya saka musu. Amma ina so wani namu ya tsaya a kansa ya kira sunansa yadda ake kiransa."

"Wannan ban ƙi ba. Wasan fa?"

Ta ci gaba da juya muciya. "Yaya, ka fi ni sanin ƙanenka. Mutumin da yake tsere da babbar mota a hanyar Vridi yana waƙa? Da ya haye dutsen nan da rai, ka rantse mini ba zai dawo ya ɗaura katakon zamiyar nan a ƙafa ba."

"Bai haye ba."

"Bai haye ba," in ji ta. "Ni na yi takaba, ba kai ba."

Na miƙe zan tafi. Ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da wata riga ja, mai ƙyalli kamar ledar alawa, a kumbure kamar burodi.

"Ta saya a kasuwa, ita da Bilal iri ɗaya. Zip ɗin ya maƙale tun a gida. Tun da ka rantse ba za ka bayar ba, ai ba ka rantse ba za ka gyara ba. Kai wa telanka."

Na karɓa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Irin wadda samarin Adjamé suke sawa su ɗauki hoto a gaban motar wani. Mutumin da aka haifa a zafi in ya ga riga ta kumbura tana ƙyalli, sai ya ce wannan ko a cikin firji. Na san irinta a wani wuri kuma. Hoton ƙarshe da Mika'ilu ya turo daga Italiya, yana tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa ya ɗaga yatsu biyu, irinta ce a jikinsa, sai dai tasa baƙa. Duk mun yaba a lokacin, mun ce ya yi shiri.

Ban ce wa Rahamatu komai ba. Na cusa rigar cikin buhu. A hanya na ce wa kaina ai can akwai kantuna, in ta ji a jikinta ta saya. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na maimaita wannan har gida, kuma bai yi mini daɗi a baki ba.

Washegari da hantsi na kai kaya tashar kifi. Shugaban ma'aikatan ɗakin sanyin, Harouna, mutumin Dogonduci ne, mun daɗe tare. Yana zazzage buhu yana duba ɗinki, sai jar rigar ta faɗo.

Ya ɗaga ta da yatsu biyu. "Malam Abdulra'uf, wannan fa? Mawaƙi ka koma? Ko budurwa aka yi da tsufa?"

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Ai ko kyauta ba mai karɓa a nan."

Na karɓe ta daga hannunsa, na tsaya ina kallon ƙatuwar ƙofar ƙarfen da hayaƙin sanyi yake fita ta ƙarƙashinta. Shekaru ina kawo musu kaya, ban taɓa wuce bakin ƙofar nan ba. Na zura rigar a kan taguwata, na ja zip ɗin da ƙarfi har ya hau.

"Buɗe mini."

"Da azumi? Da wannan ledar? Da silifa?"

"Buɗe, Harouna."

Ya kaɗa kai. "Ƙa'idarmu in an shiga sai an rufe, kada kifi ya saki. In ka gaji da hauka ka buga."

Ƙofa ta rufu a bayana. Kifin tuna ne jibge har rufi, kowanne kamar gungumen itace, idanu a buɗe. Da farko daɗi na ji, wallahi, bayan zafin waje. Na ce ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba. Sai fankokin sama suka juyo da iska. Ta shiga ta ɗinkin kafaɗa, ta shiga ta haƙoran zip, kamar ban sa komai ba. Rigar ta sandare tana ƙara in na motsa. Zufar da na shigo da ita ta koma allurai a bayana. Gashin hancina ya daskare. Na so in karanta Ƙulhuwallahu, haƙorana suka ƙi tsayawa.

Na ce zan jure, in ga abin da Mika'ilu ya gani. Na zauna a kan wani kwali. Yatsun ƙafata suka fara zafi kamar na taka garwashi, daga baya suka yi shiru, ban ƙara jin su ba. Shirun nan ne ya tsorata ni. Ni ina da ƙofa taku kaɗan daga inda nake, da Harouna a bayanta. Shi ba ƙofa, ba Harouna, sai iska da duhu, da fitilun masaukin masu wasa a can ƙasa da yake tsoron kusanta.

Fushi ya taso mini irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ban san wa zan ba shi ba. Wanda ya ɗinka wannan leda ya kira ta riga. Mika'ilu da ya ɗaga mana yatsu biyu. Mu da muka tafa masa. Masu reto a kan kujera suna wucewa ta kansa duk hunturun nan ba su sani ba. Da Huda, har yanzu da Huda, mai taurin kai irin na ubanta, wadda za ta tsaya a kan dutsen nan cikin wannan jar banza ta ƙi cewa tana jin sanyi don kada a ce Baffa ya yi gaskiya.

Na tashi na bugi ƙofa. Ban ji hannuna ya taɓa ta ba, sai da na sa kafaɗa.

Harouna ya jawo ni waje, ya zaunar da ni a rana yana murza mini hannuwa. "Kai, ko ruwan shayi bai isa ya tafasa ba tun shigarka! Me ka je nema?"

Da bakina ya saki, abin da na fara cewa shi ne, "Ara mini wayarka, yatsuna ba sa aiki. Danna mini lamba."

Ta zo sito lokacin hutun rana, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba. Ina zaune a kan dila, jar rigar tana ƙasa.

"Baffa, an ce kana nemana."

Na tura mata rigar da ƙafa. "Wannan ba riga ba ce."

"Mai kantin ya ce daga Turai take."

"Mai kantin bai taɓa fita Adjamé ba. Na shiga ɗakin kifi da ita."

Ta buɗe baki. "Ka shiga ina? Baffa, ça va pas, lafiyarka kuwa? Da shekarunka?"

"Irinta ce a jikin ubanki."

Ta dubi rigar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ɗauke kai ta dubi titi inda manyan motoci suke jiran kwantena.

Na ce, "Kada ki ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Har gobe ina ganin abin da za ki yi bai dace ba, sai dai na kasa gano inda laifin yake, kuma wannan ya fi ba ni haushi."

"Na sani, Baffa."

"Wanne za ki fara? Kabarin ko wasan?"

Na ga ta so ta ba ni amsar da nake so. Ta haɗiye ta. "Sai yadda sama ta yi. In an tashi da rana, hawa za mu yi, don ba ta jira. In da hazo, maƙabarta."

"Allah ya shirye ki."

"Amin. Rantsuwar fa? Duk Bracodi sun ji."

"Rantsuwa tana da kaffara. Miskinai goma."

"Bar mini wannan. Zan saya wa 'yan dakon tasha garba, dambun rogon nan, da buɗa-baki, har da kan kifi."

"Ke kika rantse? Ni zan ciyar da abina. Shigo, kin tsaya a ƙofa kamar mai karɓar haraji."

Ta shigo. Na sauka daga kan dilar, na juya ta inda ɗaurin yake. Sabuwa ce, ko ledarta ba a huda ba. Na ɗauko almakashin ƙarfe daga ƙusa, amma yatsuna har lokacin ba su dawo daidai ba, ya suɓuce ya faɗi. Ta sunkuya za ta ɗauka.

Na ce, "Bari. Matsa baya, wayar tana duka."

Na ɗauka da hannu biyu, na sa bakinsa ƙarƙashin wayar farko, na danna da dukan ƙarfina. Ta tsinke da ƙara, dilar ta yi numfashi ta buɗe, warin Turai ya cika sito.

"Zaɓi," na ce. "Ki fara da safar hannu."